Disket ɗin da Sakinatu ta ƙi mayarwa

Sakinatu ƴar Ollelewa ce, ɗiyar manomin hatsi. Da ta ƙare lakwal, wato makarantar boko, aka kai ta Damagaram ta koyi buga tafireta, ta komo Tanut a 1977 ta kama aiki. Shekara tara tana bugun takardun hukuma, har yatsunta suka yi kanta. Da wani furoje, wato shirin taimakon noma, ya buɗe biro, ofishinsa, a garin, ita aka ɗauka sakatariya, aka zaunar da ita gaban ordinatar, wato kwamfuta.

Na'urar ba ta motsi sai an sa mata disket, ɗan faifan da ke ɗauke da tsarin da ke tafiyar da ita. Kullum safiya Sakinatu kan sa shi, ta shigar da sunayen ƙauyukan da za a kai wa iri, injin bugawa ya fiddo su a takarda.

Gab da daminar 1988 Yamai, inda manyan furojen suke, ta aiko da sabon tsari, tare da umarnin a mayar da tsofaffin disket duka. Shugaban biron, Mushe Barmo, mutum ne da takardar Yamai ke hana shi cin abinci. Ya tattara ya aika, bai san da sauran ɗaya ba. Ɗayan nan yana gidan Sakinatu cikin kwalla, naɗe a ɗankwali, inda take ajiye kwafinta saboda zafin biro.

Aka sa sabon tsari, injin bugawa ya yi gum. Barmo ya ce Sakinatu ce ta kashe shi da zanen da take lulluɓa masa in za ta tashi. Ya rubuta takarda cewa ta lalata kayan furoje, ya ce ta sa hannu. Ta san sa hannun nan shi ne sallamarta, ta ce ba ta sawa.

Kwana uku ta duƙufa kan littafin Faransancin da ya zo da sabon tsarin, har ta gano inda matsalar take. Tsakanin ordinatar da injin akwai wani ɗan shiri mai yi musu tafinta. A tsohon tsari yana ɗinke a ciki, ba a ma san da shi ba. A sabon an cire shi, kowane inji sai ya zo da nasa a disket dabam, a kira sunansa lokacin kunnawa. Injinsu tsoho ne, ba wanda ya aiko masa nasa, na da ɗin kuma sabon tsari ba ya jin maganarsa.

Ta yi wa Barmo bayani, ya ce ba mai bugun tafireta ce za ta karantar da shi ba. Washegari ta zo da kwallarta a ka, ta kira Aghali mai tsaron sito ya tsaya shaida. Ta kashe na'ura, ta sa tsohon disket, ta kunna. Injin ya kama ƙara, sunayen ƙauyukan Falanko suka dinga fitowa layi bayan layi. Aghali ya ce ashe mamacin nan barci yake yi.

Barmo ya daɗe yana duban takardar da injin ya fiddo, sannan ya miƙa hannu ya ce ta ba shi disket ɗin, umarnin Yamai ne.

"Mushe, a aiko wa injin nan nasa, ni da hannuna zan ba ka wannan," in ji ta. "Kafin nan, ko wa ya zo daga Yamai ya same ni nan zaune."

Ya ce to, maganar takardar sa hannu ta wuce, ya ja aljihun tebur zai jefa ta. Ta ce a'a, a gaban Aghali aka zarge ta, a gabansa za a yaga. Ya yaga.

Yamai ba ta taɓa aikowa ba. Har furojen ya rufe, Sakinatu na shigar da aiki da sabon tsari, in lokacin bugawa ya yi ta kashe ta kunna da tsohon, tana kan kujerarta.