Ba a Kira Ni Na Dawo Ba

Manyan jijiyoyi uku ne ke shayar da zuciyar ƙanena jini. Biyu sun toshe, ta ukun ta ƙuntata. Da wannan lissafin muka tashi daga Buwake da asuba, ni da shi, da kuɗin shanun da na sayar ɗaure a ƙuguna.

Wani abokin cinikina ne ya ce ya ji ana yin wata allura da ke sa zuciya ta tsiro da sababbin jijiyoyi, kuma likitocin zuciya na Abidjan sun san zancen. Ni dillalin shanu ne. A sanina, duk abin da aka ce akwai shi, to yana da farashi.

Titin lafiya lau yake, sai dai kuɗin hanya da ake tsayawa biya. Ƙanena ya jingina da taga, ƙwayar magani a ƙarƙashin harshe, yana kallon gonakin roba. Kafin azahar muka sauka a tashar Adjamé, inda kowa ke ihu kamar an ci bashinsa. 'Yan gbaka, ƙananan bas ɗin garin, suna jan hannun mutum tun bai faɗi inda za shi ba. Daga bakin tasha zuwa masaukinmu, gidan wani mahauci ɗan garinmu, yaro zai je a guje ya dawo. Sau uku ƙanena yana tsayawa, ya dafa bango, yana yi kamar takalma yake dubawa a shago.

Da rana aka kawo mana garba, wato acceke, dambun garin rogo, da soyayyen kifi. Ya tsura wa kifin ido, don an hana shi mai da gishiri. Ya ce, "Yaya, ci mana ka ba ni labari."

Washegari muka haye gada zuwa Treichville. Iskar can warin teku take da na man jirgi, manyan motoci na ta fitowa daga tashar jiragen ruwa. A asibiti muka zauna a benci har ƙafata ta mutu, sannan aka shigar da mu wajen wata likita, dattijuwa mai magana a hankali. Ta daɗe tana duba hoton zuciyar. Ta ce ciwon sukari ya cinye jijiyoyin tun daga tushe har ƙarshe, babu wuri mai kyau da za a ɗinka wata a kai.

Na kawo zancen allurar. Ta ce gaskiya ne ana bincike. Zuciya kan buɗe wa kanta ƙananan hanyoyi idan babbar ta toshe, masana kuma suna neman abin da zai ƙara mata su. An gwada a kan mutane a wasu ƙasashe, sakamakon bai tabbata ba. Ba magani ba ne tukuna, kuma ba ta da shi.

A kasuwar shanu, "ba na sayarwa ba ne" shi ne farkon ciniki. Sai na gyara zama, na ce ta faɗi abin da zai ci. Ta ce babu. Na ce a yi odarsa daga Faransa, ni zan biya jirgi. Ta ce can ma babu. Sai na yi abin da bai taɓa ba ni kunya ba tun ina yaron dillalai: na miƙe, na gyara hula, na nufi ƙofa a hankali, kunnena a baya. Na kama mariƙin ƙofar, na ɗan tsaya. Abin da na ji kawai shi ne ƙarar alƙalaminta, tana rubuta wa ƙanena ƙwayoyin rage zafi.

Da yamma ya ce yana son shiga jirgin ruwan fasinja, bai taɓa ba. Muka je tashar da ke bakin tafkin da ya ratsa garin. Muna tsakiyar tafkin ya dube ni.

"Yaya, na ga tafiyar nan da ka yi zuwa ƙofar likita. Ta sayen bijimi ce."

Ya yi dariya har ya dafe ƙirji, ni kuma na juya ina kallon ruwa. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Kada ka sake sayar da ko maraƙi saboda ni. Ka bar wa yarana."

Mun dawo Buwake da leda cike da magani, da umarnin ya riƙa ɗan tattaki kullum, ko zuciyar za ta buɗe wa kanta 'yar hanya. Na tambayi likitar ko hakan zai isa, ta ce dai zai taimaka.

Ga lissafin tafiyar. Jijiyoyi suna nan yadda muka tafi da su, biyu a toshe, ɗaya a ƙuntace. Kuɗin da na ɗaura a ƙugu sun dawo kusan cif. Tunda na fara fatauci ban taɓa komowa gida da jarina a cike na kirga shi asara ba, sai wannan karon.