Alif da 'Ya'yan Zogale

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai aka ɗauke ni aikin kula da injin ruwa a bakin kogin Haɗeja. Ɗakin injin yana can bayan gari, ba ni da maƙwabci sai gonakin shinkafa. Matata kuma ta tafi goyon ciki gidansu a Malam Madori.

Aikin ba yawa. In fasa alif, in jiƙa a bokiti, in juye a babban tanki. Da damina ruwan kogin ja wur yake zuwa, sai in tsaya ina kallon dattin yana dunƙulewa ƙanana-ƙanana, yana sauka ƙasa a hankali. Akwai ranakun da ba na jin muryata sai in na ta da sallah.

Wata safiya wani dattijo masunci ya ɗaure kwalekwalensa kusa da bututunmu, ya nemi ruwan sha.

"Samari, me kake zuba masa ya yi garau haka?"

"Alif ne, Baba."

Ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Da ɗan bauri. Mu 'ya'yan zogale muke dakawa."

Na ce ban yarda zogale zai iya ba. Washegari sai ga shi da garin 'ya'yan zogalen a ƙulle cikin tsumma. Muka cika kwalabe biyu da ruwan kogi, kowa ya zuba nasa, muka jera su a kan taga. Nawa ya kwanta nan da nan. Nasa sai da muka cinye tarwaɗar da ya gaso, amma ya kwanta ɗin.

"Ka gani? Saurin me ake yi?" in ji shi.

Tun daga ranar kusan kullum sai ya tsaya. Gardamar ba ta ƙare ba, ni kuma ban so ta ƙare.

Da ruwa ya fara janyewa ya ce zai bi kifi wajen Kirikasamma, sai damina. Damina ta zo, ban gan shi ba. Na tare wasu masunta na tambaye su labarin Baba.

"Wane Baban?" suka ce.

A nan na lura ban taɓa tambayar sunansa ba. Na kwatanta musu shi, dogo mai giɓi, suka ce irinsa suna da yawa a kogin. Suka cika gorunansu a famfo, suka tura kwalekwalensu.