Harafin Baba Mai Jela

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, kuma har yau abin da ke fara zo mini shi ne warin kananzir. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gida bayan la'asar, ni na riƙe hannunsa kafin Inna ta fito. Hannun yana warin kananzir, amma tas yake, ba ɗigon ja, ba ɗigon rawaya. Tun ina rarrafe ban taɓa ganin farcensa babu fenti ba. Na yi mamaki, sai kuka ya mantar da ni.

Baba mai rubutun mota ne a garinmu Mai Wurno, a ƙasar Sudan. Yawancin hafilolin da ke zuwa Sinnar a lokacin, ƙananan motocin hayar nan, hannunsa ne a bayansu. Harafinsa kauri gare shi, cikinsa ja, gefensa rawaya, kuma kowace kalma takan ƙare da jela mai lanƙwasa ta koma ƙarƙashin sauran haruffa, kamar kyanwa ta kwanta. Daga zayyanar allo ya ɗauko shi, wurin kakana. Yakan ce ba harafin dogon zance ba ne, in ka cika layi biyu da shi ido ya gaji. Na kalma ɗaya ne ko biyu, wadda za a hango daga nesa cikin tsakar rana.

Kowace mota da irin jelarta. Tsofaffin matan da ba su yi karatu ba da ita suke gane motar da za su shiga. Na sha jin wata a tasha tana cewa, "Ni mai jela biyu nake jira, direbanta ba ya gudu."

Sai aka buɗe shago a Sinnar mai na'urar da ke yanko rubutu a leda, a manna. Siraran haruffa, farare, duk kama ɗaya. Da a ce sauƙi kawai direbobinmu suka bi, da na yafe musu tuni. Amma na ji da kunnena abin da suke faɗa: wai duk wanda ya ga jelar nan a tashar Sinnar ya san motar Fallata ce, sunan da ake kiranmu da shi, mu da kakanninmu suka zo daga Afirka ta Yamma. Mutanen da suka sha shayi a rumfar Baba, kunyar a gane su suke ji.

Ɗaya bayan ɗaya rubutun ya riƙa ɓacewa. Ina dawowa daga makaranta in ga bayan mota sumul, ko tabo babu. Wata rana haushi ya ci ni, na ce, "Baba, Allah ya isa tsakaninmu da mai kankare maka rubutu."

Ya daɗe yana kallon buroshinsa da suka bushe a gwangwani. Ya ce, "Kul, ɗiyata. Ba ki san shi ba, ba ki san mi ya kai shi ba."

Yanzu 'ya'yan direbobin nan su ne ke zama gaban kwamfuta suna neman harafi mai ado don katin biki, su ce a sa musu na gargajiya. Ina duba katunan in ga jela mara rai, wadda babu numfashin kowa a kanta. Ban san ko Baba zai yi dariya ba. Abin da ya rage na hannunsa a garin nan allo ɗaya ne, na wani mai shayi da ya rasu, an juya shi an toshe ƙofar garken awaki.

Bara na shiga hafilar Alhaji Hamza, tsohon direba, abokin Baba. A hanya na tambaye shi wane ne mai kankarewar, don har lokacin ban yafe masa ba. Ya rage gudu, ya dube ni ta madubi.

"Au, bai faɗa muku ba? Ai shi ne. Aiki ya yanke masa, ga ku a makaranta. Kuma shi kaɗai ya iya cire fenti da kananzir bai ji wa mota ciwo ba. Tawa ce ta ƙarshe. Ranar da ya gama ta, ranar ya rasu."