Tutar da Aka Ɗinka a Baibai

Shagonmu na ɗinki yana unguwar Manshiya, a Libiya, tsakanin wani gareji da gidan burodi. Keke biyu ne a ciki, nawa da na wani Bakano da ya girme ni da wajen shekara goma. Ni daga Damagaram na fito, saboda haka tun ranar da muka haɗu ya ce ya yi bawa, ni kuma na ce ai ubangidansa ne ya iso. Wasan kakanni ne. Yaya nake ce masa, shi kuwa bai taɓa kirana da komai ba sai Badamagare.

Matarsa 'yar Matamaye ce, ta ɓangarenmu. A shekarar da sojoji suka karɓi mulki a ƙasarmu Nijar, ta bar manyan 'ya'yanta a Kano wajen kakarsu, ta tafi gidan iyayenta haihuwa. Tana can aka rufe iyaka, aka kuma yanke wutar da ke zuwa mana daga Nijeriya.

Ba zan ɓoye ba, na yi murna da aka ce Faransawa su tattara. Mahaifina ya yi shekaru yana aiki a ramukan ma'adinan Faransawa na arewa, abin da ya dawo mana da shi tari ne, shi ya yi ajalinsa. A makonnin nan bakina bai yi wa Yaya daɗi ba. In rediyo ya ambaci takunkumi, sai in ce, "Ga aikinku nan, 'yan amshin shata." Yakan ce, "Badamagare, ka taɓa ganin an yi shawara da tela?" Sai ya ci gaba da taka kekensa. Wasan ya fara yin kaifi, mu duka mun ji.

Wata Laraba na tafi kasuwa sayen zare da zif. A bayana wasu samari uku 'yan Tawa ta ƙasarmu, masu aikin gini, suka zo suna son tutar Rasha guda biyar. So suke su ɗauki hoto da ita su tura gida, kamar yadda suke ganin ana yi a Yamai. Ba su nuna masa hoto ba, da baki suka faɗa: fari, shuɗi, ja. Yaya bai san tutar kowa ba sai ta Nijeriya, wadda ake jera ƙyallenta a tsaye, fari a tsakiya. Haka ya yanka, haka ya ɗinka, ya goge, ya ninke a leda. Bai ga abin ba ni labari a ciki ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko suka zo karɓa. Babbansu ya warware ɗaya a tsakiyar shago. Ni da na yi shekara shida a lakwal, wato makarantar boko, ina gani na gane. Tutar Faransa ce, har guda biyar, ɗinki mai kyau.

"Da gangan ka yi!" in ji saurayin. "Kun rufe mana iyaka, kun kashe mana wuta, yanzu kuma ka ɗinka mana tutar iyayen gidanku?"

Yaya ya dube ni, don bai fahimci laifinsa ba. Na yi masa bayani a gajarce. Ya cire tabarau ya ajiye a kan keke.

"Samari, wallahi ban san ta ba," ya ce. "Wutar da kuke magana kuwa, da fitilar salula aka karɓi haihuwar matata a Matamaye. Yau kwanan 'yata goma sha tara, uwata tana Kano ba ta gan ta ba. To ni wa na rufe wa iyaka?"

Na san an yi haihuwar, na ci dabinon suna. Zancen fitilar ne ban taɓa ji ba. Kullum muna zaune kafaɗa da kafaɗa, ina ta harbinsa da magana, bai gaya mini ba.

Hayaniyar ta jawo mai garejin, Balarabe ne ɗan gari. Ya leƙo da hannu duk baƙin mai, ya ce mu sassauta murya, in shurɗa, wato 'yan sanda, suka zo mota ɗaya za su zuba mu, ba ruwansu da wane ne ɗan Nijar, wane ne ɗan Nijeriya. Samarin suka ja da baya, don duk cikinsu ba mai takardar zama. Na ce su dawo gobe da la'asar.

Muka zauna warwara. Aikin ya fi yadda na zata wuya, saboda ƙyallen da aka yanka don tsaye ba ya isa a kwance, sai an yi masa ƙari. Yaya ya karɓi wannan ɓangaren, ya riƙa haɗa guntaye da ɗinki siriri har sai ka kai ido kusa za ka ga gaɓar. Ina warware zare ina duban abin da ke hannuna. Yadin daga Sin ya zo, haka kekunan namu. Zaren na Turkiyya ne. Ga Bakano da Badamagare a cikin hamadar Libiya, sun rufe shago rabin yini suna mayar da tutar wata ƙasa ta koma ta wata, alhali cikinmu ba wanda ya taɓa taka ko ɗaya daga cikinsu. Ban canza ra'ayina game da waɗanda aka kora ba, har gobe. Amma ranar ce na fara tambayar kaina abin da na sani game da waɗanda ake yi wa maraba, na tarar bai wuce abin da salula ta nuna mini ba.

"Yaya, ka yafe mini maganganuna," na ce, ban ɗago ba.

"Miƙo mini shuɗin nan," ya ce.

Samarin sun karɓi tutocinsu. A cikin wani kango da suke aikinsa suka ɗauki hoton, ƙofa a rufe. Bayan kamar wata guda babbansu ya kawo wando a rage masa tsawo, ya tsaya a gaban keken Yaya, ya ce, "Baba, ya mai jego?" Yaya ya amsa, ya auna shi, suka rabu lafiya.

Da aka buɗe iyaka bayan watanni, Yaya ya bi motar Agadas ya tafi. Ya ce wata biyu zai yi. Daga baya ya aiko mini saƙon murya cewa ya kama shago a Kano, in nemi wanda zai hau kekensa.

Wanda ya hau wani ɗan Sudan ne da yaƙi ya koro, mutum mai tsabtar aiki, ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Sati na farko na kunna rediyo lokacin labarai, ya saurara kaɗan, da ya ji sunan garinsu ya roƙe ni da hannu in kashe. Tun daga ranar, in ina son jin labarai, waje nake fita in tsaya a bakin gidan burodi.