Bulala a Hannun Ƙanwa

Aji ɗaya muka yi da yayana, ko da yake ya ba ni shekaru. Maimaita aji ya yi ta yi har na tarar da shi a firamare huɗu. Ba daƙiƙi ba ne, kuma har gobe ina faɗa da duk wanda ya ce haka. Ka ba shi labari sau ɗaya, sai ya maido maka da shi har da ƙarin gishiri. Haruffa ne kawai suka ƙi shi. Ya ce in ya zuba musu ido sai su riƙa canja wuri.

Baba ya sayo masa kwalin haruffa masu launi a kasuwar Sabon Gari, bai yi amfani ba. Sai Mama ta ɗora mini koya masa sifelin, ni sarkin iyayi. Gidanmu na Palladan, makarantar kuma sai an tsallaka babban titin da ya nufi Samaru. Muna tafe ina jefa masa kalma yana jero haruffanta. In ta ƙi, mu tsuguna ya zana ta da tsinke a ƙasa. A hanya yakan samu. Da mun shiga aji kuwa, kamar an zuba ruwa a kwando.

Malaminmu yana da wata al'ada. In yaro ya kasa kalma sai a jefa wa wani, wanda ya ci shi zai zane wanda ya faɗi. Ni kuwa a gidanmu ko sunan Yaya ban isa in kira ba. Don haka duk ranar da ya kasa, sai in sunkuyar da kai in ƙi ɗaga hannu.

Ashe Malam yana lura. Ran nan Yaya ya tsaya yana in'ina a kan kalmar da muka zana da safen nan, sai Malam ya nuna ni.

"Ke, tashi ki faɗa masa."

Da na so, da na ɓata harafi ɗaya. Amma na saba a yabe ni, bakina ya riga ni. Aji ya tafa, Malam ya miƙo mini bulala.

Yaya ya buɗe tafin hannunsa. Na ɗan taɓa shi da ita.

"Shafa shi na ce ki yi?" in ji Malam. "Ki sake, ko in haɗa ku duka biyu."

Yaya bai dube ni ba. A hankali ya ce, "Ki buga kawai, a wuce wurin."

Na buga. Yaran baya suka kwashe da dariya, wani yana cewa yau ƙanwa ta zama yaya. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi bai yi kuka ba, ya koma ya zauna a bencin da ya yi masa kaɗan.

Da aka tashi na yi ta jan ƙafa a bayansa, ban san da wane ido zan kalle shi ba. Muka iso bakin titi, manyan motoci na ta wucewa. Ya tsaya, bai waiwayo ba, ya miƙo hannu baya kamar yadda yake yi kullum.

Na kama. Tafin da zafi, shatin bulalar ya tashi. Da shi ya tsallakar da ni.