Filafilin Kaka

Wata Alhamis cikin sanyi, shekarar da nake aji huɗu, ruwan sama ya cika madatsar da ke bayan filin jirgi, Baba ya loda mu a mota daga unguwarmu Jurf a Madina muka tafi kashta, wato kwana a waje. Maza suka kafa tanti a bakin ruwa, Ummi ta ɗora shinkafa da kaza a kan gawayi, mu yara muna tsintar itace muna jifan ruwa da duwatsu. Kawu ya sauke wani jan kwale-kwalen roba da ya aro, mai ɗaukar mutum biyu.

Kakanmu Basarke ne daga Yawuri, a cikin jirgin ruwa ya girma kafin ya zo hajji ya zauna. Yana da wani tsohon filafili na tuƙa jirgi da ya sassaƙa da hannunsa, mu duk mun ɗauka muciya ce. Ranar ya taho da shi a naɗe cikin bargo. Damuwarsa ɗaya: ya tara 'ya'ya da jikoki a ƙasar duwatsu, babu wanda ya taɓa tuƙi, ga ƙarfinsa ya ƙare. Ya kira jikokinsa maza, kowa ya ce "La, ya Jaddi," wato a'a Kaka, ya sulale bayan tanti. Ba laifinsu ba ne, ruwan famfo kaɗai muka sani.

Sai na matso. Ya ce, "Amaryata, ke za ki fid da ni kunya?" Ummi ta hau salati, Baba ya ɗaura mini rigar hana nutsewa. Kaka ya hana ni zama, wai Sarkawa durƙusawa suke yi. Na durƙusa a gaba, shi a baya, ya miƙo mini filafilin. Da farko jirgin juyi kawai yake kamar faifai, ina jin dariyar samarin nan daga gaɓa. Kaka bai karɓi filafilin ba. Can hannuna ya gane, jirgin ya miƙe, muka taɓa ƙetare muka dawo.

Da muka sauka ya dubi Baba ya ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Bai mayar da filafilin cikin bargo ba, ni ya bar wa. Wallahi ranar ko sarauniya ba ta kai ni jin kai ba.

Yanzu Kaka yana kwance a ƙasar Madina, filafilin yana rataye a falona. Kwanan baya ƙaramar 'yata ta nuna shi, ta tambaye ni da Larabci ko muciya ce. Tun daga ranar nake duban sama, ina jiran ruwa.