Ranar da Mainasara Ya Kasa Shiga Ƙarƙashin Mota

Mainasara ɗan garin Tabla ne, kuma a samartakarsa da wuya a samu filin kokowa a ƙasar Kurfai da bai kayar da namiji a cikinsa ba. Da ƙarfinsa ya fara ja baya, sai Alhaji Hamidu, mai motocin kaya a Filinge, ya ɗauke shi tuƙi. Kokowa ta tafi, amma cin ɗan kokowa bai tafi ba: fura da safe, shinkafa da mai a tasha, tsire da lemon kwalba duk inda aka tsaya. Tumbi ya fito har yana gogar sitiyari. Mutane suka ce hutu ne, matarsa Lantana kuwa tana jin daɗin a faɗa a gabanta. Shi kaɗai ya san irin hakin da yake yi in ya sunkuya.

Wata ranar kasuwar Sanam ya ɗauko tumatir da albasa na ƴan kasuwa, taya ta fashe cikin rairayi. Sai an kwanta an shiga ƙarƙashi kafin a kafa ƙarfen ɗaga mota. Ya kwanta, ya tura kafaɗa, ciki ya tokare. Ya kasa shiga, ya kasa tashi, numfashi yana neman ɗaukewa. Wani tsohon manomi, Manzo, ya tsayar da amalankensa ya jawo shi waje. Ya dube shi da kyau.

"Wanga ba Mainasara na Tabla ba ne? Ina wurin ranar da ka ɗaga ɗan kokowan nan Haske sama!"

"A'a, Baba. Kama ce kawai."

Tsoho ya tuɓe rigarsa, ya shige ƙarƙashin motar da kansa. Mainasara yana tsaye yana miƙa masa ƙarafa, idonsa a ƙasa. Kafin ya isa Sanam kasuwa ta watse, tumatir ya fara ruwa.

Da ya koma Filinge, Alhaji bai ɗaga murya ba. "Bana ka kwanta da kumburin ƙafa, mota ta zauna. Yau kuma masu kaya sun ce sun bar ni. Ba korarka zan yi ba, amma haka ba ta yiwuwa."

Ya kawo ma'aikacin asibiti ya auna direbobi duka, aka samu jinin Mainasara ya hau sosai. Daga nan Alhaji ya sa doka: kowace safiya bayan salla, duk ma'aikaci zai taka daga tasha zuwa bakin gari ya dawo, har shi Alhajin yana ciki. Direbobi suna gunaguni cewa tumbin mutum guda ya raba su da barci. Mainasara yana ji, yana biye a can baya, gumi ya jiƙe masa riga.

Da ya ce wa Lantana ta rage mai a miya, kuka ta sa, wai maƙwabta za su ce ta kasa riƙon miji. Duk da haka ta rage. Zuwa kaka wando ya fara yi masa yawa, numfashi ya daidaita. Rannan a tafiyar safe suna wucewa ta bakin famfo, wata tsohuwa ta ajiye bokitinta ta tare shi.

"Ɗana, mi ya same ka? Ciwo ne, ko Alhaji ya hana ku abinci?"

"Lahiya lau, Inna," ya ce, ya ja wandonsa sama, ya ƙara sauri don ya cim ma sauran.